Dandamali ko kyamara: wace hanya mai murya da iya wasa zai kama daga Tawa?

Matashin da Allah ya haɗa wa baiwa biyu, murya da iya kwaikwayo, in yana zaune a Tawa hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya shiga ƙungiyar wasa ya hau dandamali, ya yi teyatur da bale, wato wasan ba da labari da kiɗa da rawa, a gaban jama'a, daga gidan al'adu na Albarka Cibau har wata rana ya kai CCOG, cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, a Yamai. Ko kuma ya nufi sutudiyo da kyamara, harkar nan da muke kira dandali, wadda cibiyarta ke Kano ko da a Tawa ko Maraɗi aka ɗauki hoton. Mai kallo daga nesa cewa zai yi ai duk sana'a ɗaya ce, tunda waƙa ce da rawa da labari. Wanda ya shiga ciki ya san abin da kowace ke nema a jikin mutum daban ne, inda kuɗinta ke fitowa daban, mai iko da kai a cikinta ma daban. Ƙanena, ƙanwata, ga yadda nake auna su.

Da farko a cire wani buri daga rai. A manyan gidajen wasa na Landan da Amurka, ɗan wasa mai waƙa yakan hau dandamali sau takwas a mako, wasa ɗaya ana maimaita shi wata da watanni, albashinsa na fitowa daga tikiti, har da wanda aka ajiye yana jira ko zai yi rashin lafiya ya maye gurbinsa. A Faransa kuwa, wanda ya haɗa awa 507 na aikin wasa a cikin wata goma sha biyu yana da haƙƙin karɓar tallafi a watannin da ba aiki. Mu ba mu da ko ɗaya cikin waɗannan. Duk wanda ya ce maka za ka ci abinci da kuɗin ƙofa kaɗai a Nijar, bai taɓa tsayawa bakin ƙofar yana ƙirga masu shiga ba.

Abin da muke da shi namu ne, kuma ba ƙarami ba ne. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta farfaɗo da samariya, kowace shekara ana yin bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi manyan biranen jihohi. A nan bale ya yi ƙarfi: a ɗauko tarihin wani sarki, ko labarin fari da yunwa, ko na bori da farauta, a ba da shi da kiɗa da waƙa da rawa, mai wasa shi ne mai rerawa. Gefe guda ga teyatur na Hausa, wanda Yazi Dogo da abokan wasansa suka shigar da shi kowane gida ta rediyo da Tele Sahel tun suna Damagaram. Sai dai ka lura da wani abu da masu kewar wancan zamani ba su cika faɗa ba. Yazi Dogo malamin makaranta ne. Akasarin waɗanda suka yi suna a lokacin suna da wani aikin da ke ciyar da su: koyarwa, aikin asibiti, ofis, ɗinki. Wasa da yamma ake yin sa, bayan an tashi daga aiki. Ko a lokacin da gwamnati ke riƙe da harkar hannu bibbiyu haka abin yake, balle yanzu.

Abin da kowace hanya za ta yi da baiwarka

Nan ne bambancin ya fi girma, kuma nan ne matasa suka fi raina.

Dandamali yana son mutum gaba ɗayansa. Filayenmu a buɗe suke, ba rufi. Da hunturu ƙura na shiga maƙogwaro, da bazara zafin Tawa na shanye yawu, sono kuma, wato kayan ƙara sauti, in akwai shi makirfo biyu ne ko uku ga mutum goma sha biyar, wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Dole muryarka ta kai sahun baya ba tare da ka yi ihu ba. Dole ka iya sauka daga rawa mai tsalle ka kama waƙa nan take numfashinka bai yanke ba, wannan kuwa ba a koyon sa sai da watanni na gwaji. Ga shi teyatur ɗinmu na Hausa galibi ba rubutaccen zance ake haddacewa ba. Ana zama a tsara ƙashin labarin, a raba wa kowa matsayinsa, maganar kuwa a bakinka za ta fito, kana sauraron abokin wasanka kana kuma sauraron jama'a. In barkwancinka bai ci ba, a take za ka sani, don ƴan kallon Tawa ba su iya dariyar kara ba. Wanda ya shekara biyu yana shan wannan horo, ko'ina aka ajiye shi zai tsaya da ƙafarsa.

Kyamara kuwa raba baiwar take yi biyu. A tsarin finafinan Kano mawaƙi daban, jarumi daban. Mawaƙi ya shiga sutudiyo ya rera, jarumi ya je lokeshin ya bi waƙar da baki yana rawa. Akwai waɗanda suka haɗa biyun, amma sai bayan sun yi suna a ɗaya. Kai sabon shiga za a tambaye ka: murya ka kawo ko fuska? In murya ce, za ka rera baiti baiti, a tsaya a sake, na'ura ta daidaita inda ka kauce, kiɗan kuma na fiyano ne, ba kalangu ba goge ba gurmi. In fuska ce, abin da ake so shi ne ƙaramin motsi, kallo, ɗaga gira, wanda ɗan dandamali kan sha wahala kafin ya saba da shi, don shi ya saba buɗe hannuwa yadda na nesa zai gani. Ba na raina wannan gwaninta, aiki ne mai wuyar kansa. Amma in abin da ke faranta maka rai shi ne ka rera da bakinka kana cikin wasa, ka sani wannan hanya ba ta da gurbin hakan sai kaɗan.

Sai maganar harshe. A dandamalin Tawa, Adaranci jari ne. Ka ce "shina tahowa", ka ce "mi ya hwaru", jama'a su ji nasu ne ke magana. A Kano sau da yawa wannan harshen na ɗan ƙauye ne a fim, ko na mai ban dariya, ko na mai gadi. Mai son fitowa a saurayin labari sai ya karya harshensa ya koma Kananci, wasu su iya, wasu har abada ana jin Adar a ƙarƙashi. Yamai kuma nata sharaɗin daban: wanda bai jin Zabarmanci ya rasa rabin ƴan kallo, wanda bai iya Faransanci ba ya rasa ƙofar bita da tafiye-tafiye.

Kuɗi

A dandamali kuɗi ta ƙofa uku yake shigowa. Tikiti, wanda da kyar yake biyan hayar sono. Gasa, wadda sau ɗaya take zuwa a shekara in ta zo, kyautar kuma ta ƙungiya ce ba ta mutum ɗaya ba. Ta uku ita ce ta riƙe yawancin ƙungiyoyi shekara da shekaru: wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu ke saye, kan rigakafin shan inna, karatun ƴaƴa mata, auren wuri, kwalara, tafiya ci-rani ta hamada. A ɗauki ƙungiya a mota a zaga da ita kasuwannin ƙauye, a yi wasa, a buɗe muhawara da jama'a. Aiki ne mai amfani, kuma makaranta ce mai kyau ga ɗan wasa. Illarsa biyu. Labarin ba naka ba ne, saƙon mai biya ne, in ka daɗe a ciki sai ka tarar duk wasanninka sun koma wa'azi da waƙa a ƙarshe. Sannan ƙofar ba a hannunmu take ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da ayyukansu, a farkon 2025 kuma Amurka ta datse mafi yawan agajin da take bayarwa a duniya. Ƙungiyar da ta dogara da wannan ƙofa kaɗai ta ji a jikinta.

Bari mu yi lissafi na misali, kai ma ka sa naka adadin. A ce an ba ƙungiya jikka 300 don wasa, kowace jikka sefa dubu ɗaya ke nan. Mota, sono, kayan sawa, abinci da makaɗa su cinye rabi. Saura jikka 150 ga mutum goma sha biyar, kowa jikka 10, bayan gwajin mako biyu ko uku. Mafi ƙarancin albashi a hukumance tun 2024 jikka 42 ne a wata. Ke nan sai ka samu irin wannan wasa biyar kowane wata kafin ka kamo lebura mai albashi, kuma damina na nan tafe da za ta rufe filayen da ba rufi, azumi ma ya zo a tsaya.

A ɓangaren sutudiyo, mai murya ya fi saurin ganin kuɗi, wannan gaskiya ce da bai kamata ƴan dandamali su ɓoye ba. Waƙar biki ita ce kasuwa: ango ko ƙawayen amarya su ba da sunaye, ka shiga sutudiyo ka fito da waƙa a kwana ɗaya ko biyu, ranar biki ka je ka rera a yi maka liƙi. A Tawa wannan kasuwa na da lokacinta, bayan kaka, da gabanin azumi, da bayan salla, da duk sa'ad da ƴan bida suka dawo daga Abijan ko Libiya da abin aure a hannu. Sai tallar ƴan kasuwa a gidajen rediyo. Babbar kasuwar mawaƙan Najeriya, wato waƙar siyasa, a nan ta rufe tunda aka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025.

Mai fuska kuwa, shi ne ya fi kowa shan wuya a farko. Kasuwar kaset da faifai ta mutu tun da waya ta zo, kowa tura masa ake yi a kati. Finafinai sun koma masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Sabon shiga sau da yawa abinci da kuɗin mota ne ladansa, wani ma shi ke biya a saka shi. In ka ce tasharka za ka buɗe, YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma ba kowace ƙasa ke cikin tsarin ba. Najeriya na ciki, shi ya sa wasu namu ke buɗewa ta hannun aboki a can. In za ka yi haka, ka tabbata ka san sunan wa ke kan asusun. Ka kuma tuna da naira za a biya ka, ita kuwa ta faɗi ƙwarai tun tsakiyar 2023. Abin da ke da kauri a aljihu a Kano, in ka canza shi a Ƙonni sai ya sirance. Iyaka ma ba kullum take buɗe ba: daga juyin mulki har zuwa Maris na 2024 a rufe take.

Wa ke da iko da kai

A ƙungiyar wasa shugaba ne ke karɓar kwangila, shi ke raba matsayi, shi ke raba kuɗi. In ka dace da mai amana, uba ka samu. In ba ka dace ba, za ka yi shekaru ba ka taɓa sanin nawa aka biya ba. Kafin ka shiga, tambayi tsofaffin ƴan ƙungiyar yadda ake rabo, ba shugaban ba. Amma aƙalla garinku ne, iyayenka sun san iyayensa, akwai inda za a kai ƙara.

A Kano masu iko sun fi yawa. Ga furodusa, ga uban gidan da ya shigo da kai, ga ƙungiyoyin masu sana'ar irin su MOPPAN, ga Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, mai yi wa ƴan wasa rajista kuma mai ikon dakatar da su. Kai baƙo ne, in rigima ta tashi kai ne mai ƙarancin gata.

Hanyar da duk ka bi, waƙar da ka tsara da kanka ka kai ta BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, ka yi mata rajista. A ƙungiya waƙa kan narke ta zama ta kowa, a sutudiyo kan zama ta wanda ya biya kuɗin ɗauka. Takarda guda mai sa hannu kafin a fara aiki ta fi rantsuwa goma bayan waƙar ta yi kasuwa.

Ƙanwata, ke taki maganar ta fi nauyi, kin kuma riga kin sani. A gidaje da yawa har yanzu waƙa a bainar jama'a aikin maroƙa da zabiyoyi ne, wanda ba a gada ba ba a so a gan shi ciki. Dandamali na da wata rigar mutunci da ya samu tun zamanin samariya: wasan makaranta ne, na ƙasa ne, na faɗakarwa ne, gwamna na zaune a sahun gaba. Baba zai fi saurin yarda da wannan, musamman in akwai manyan mata a ƙungiyar kuma ana tashi gwaji kafin magariba. Dandali kuwa mummunan suna gare shi a bakin mutane, ko da ke ba ki yi komai ba, kuma al'adar masana'antar Kano ita ce mace in ta yi aure ta bar fitowa a fim. Mawaƙiya ta fi jaruma tsawon rai a sana'ar saboda wannan dalili. Akwai ƴan Nijar da suka je suka yi suna, Fati Nijar ga ta nan kowa ya sani, da murya ta shiga. Amma kada ki hau mota don wani ya rubuto miki a Facebook cewa zai saka ki a fim. In tafiyar ta zama dole, a san gidan da za ki sauka, a san wanda ya kira ki, wani naki ya raka ki.

In dandamali ka zaɓa: Tawa ko Yamai?

Tawa ta fi sauƙin rayuwa, kana gida, ba haya, kuma za ka samu hawa dandamali da wuri don ba a yi yawa ba. Garin ba baƙon harkar ba ne. Gasar kiɗa ta Dan Gurmu, da aka fara a 1987, sunan mawaƙin wannan yanki take ɗauke da shi. Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, a nan ya yi shekarunsa na ƙarshe. Bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, ya bar wa garin gine-gine. Abin da Tawa ba ta da shi shi ne malamai da yawan ido. Za ka iya zama gwanin gari shekara biyar ba wanda ya gaya maka kana rera waƙa da maƙogwaro maimakon ciki.

Yamai, mai nisan kilomita kusan 550, ita ke da wuraren koyo. Akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya, da aka buɗe a 1989, akwai INJS, cibiyar horon matasa da wasanni ta ƙasa, akwai CCOG da gidan matasa na Jado Seku, akwai tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar wadda a 2024 aka sauya mata suna zuwa Mustafa Alasan. A Yamai marigayi Alfred Dogbé ya kafa ƙungiyarsa ta Arène Théâtre da bikin wasanni na Émergences, irin teyatur ɗin da ake rubutawa a haddace, wanda ke kai mutum bikin teyatur na Récréâtrales a Wagadugu ko kasuwar wasanni ta MASA a Abijan. Wannan reshe shi ne mafi kusa da abin da duniya ke kira sana'ar ɗan wasa, amma ƙofarsa ƙarama ce kuma da Faransanci ake buɗe ta. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, sai dai takardar neman tallafi da wasiƙar gayyata daga waje har yanzu ba da Hausa ake rubuta su ba. Ga haya, ga kuɗin taksi zuwa gwaji kullum. Wanda ya sauka Yamai ba sana'ar hannu ba ɗan'uwa, cikin wata uku wasan ne zai fara bari.

Inda na tsaya

In da gaske biyun kake da su, murya da wasa, kuma shekarunka ba su wuce ashirin da ƴan kai ba, ka fara da dandamali a Tawa, ka riƙe karatunka ko ɗinkinka ko shagonka. Dalilina ɗaya ne: daga dandamali ana sauka zuwa sutudiyo cikin sauƙi, amma wanda na'ura ce ta yi renon muryarsa, ranar da aka miƙa masa makirfo a fili wuta ta ɗauke, ranar asirinsa ke tonuwa. Kana cikin ƙungiya ba abin da zai hana ka yin waƙar biki da kaka don ka samu na kashewa, yawancin masu hankali haka suke yi. Bayan shekara biyu ko uku, in ka ga ka fi ƙarfin garin, ka nemi bita a Yamai, ka je da sunan wata guda, ba ƙaura ba.

In muryar ce ta fi ƙarfi, wasan kuwa dai-dai gwargwado ne, kuma gida na jiran abin da za ka kawo, kada ka ɓata lokaci kana jiran rabon jikka 10. Shiga sutudiyo a nan Tawa ko Maraɗi, ka gina suna a bukukuwa, Kano kuma ka bari sai an kira ka da aiki a hannu.

In fuskar ce kawai da son a san ka, ba na ba ka shawarar ko ɗaya a matsayin sana'a. Yi gajerun wasanni da waya kai da abokan fadarku, ku saka a TikTok, ka ga ko mutanen da ba su san ka ba za su tsaya su kalla har ƙarshe.

Wanda kuma bai tabbatar da ajin da yake ba, ga gwaji mai arha. Ka samu makaɗin kalangu, ku fita fili da la'asar, ka yi rawa minti biyar ba tsayawa, sannan ka kama waƙa ba makirfo, wani ya tsaya taku talatin daga inda kake ya ɗauka da waya. Ka kai wa tsohon ɗan bale wanda ba danginku ba ne ya saurara, ka roƙe shi ya gaya maka baitin da numfashinka ya fara yankewa.